Baba Ko-ta-kwana Ya Ƙi Tashi

Duk unguwarmu babu mai kiran mahaifina da sunansa na gaskiya. Ko-ta-kwana ake ce masa, manya da yara, shi kuwa yana amsawa da fara'a kamar wanda aka yi wa kirari. Kafinta ne. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana yanka katako a rumfar da ke ƙofar gidanmu, can gangare, inda in ka tsaya shiru kana jin ƙarar kogi.

Jakunkuna ne suka jawo masa sunan. A bayan ƙofar falo ya buga ƙusa biyar a jere, kowace da jakarta: tasa, ta Inna, tawa, da ta ƙannena biyu. A ciki akwai tocila, kayan sawa kala ɗaya, ashana a ƙulle cikin leda, maganin zazzaɓi da kwafin takardun kowa. Duk wata uku sai ya sauke su ya canja batir. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne atisaye. Muna tsaka da cin abinci sai ya buga guduma sau uku a kan tebur, ya ɗaga hannu yana kallon agogo. Minti biyar ya ba mu, kowa ya saɓi jakarsa ya tsaya a bakin titi. Kullum ni ce ta ƙarshe, domin sai na tsaya na yi masifa tukuna. Shi ya sa ya laƙaba mini Barkono, kuma har yau da nake da 'ya'ya huɗu bai daina ba.

Maƙwabta dariya suke yi mana. Inna ma ba ta ƙyale shi.

"Malam," takan ce, "ranar tashin duniya ma kai cewa za ka yi a dakata ka ɗauko tocila."

Yana da dalilinsa. Yana ɗan shekara tara ruwa ya ci gidansu. Kakarmu ta ruɗe, ta koma ciki da gudu don ta ceto wani abu, da ta fito sai ga ta riƙe da tsintsiya. Tsintsiya kawai. Yakan ba da labarin yana dariya har da ƙwalla, amma daga ƙarshe sai ya ce, "Mutum ba ya tunani ranar tashin hankali. Sai dai ya yi tunaninsa tun da sauran kwana."

Muka girma, muka watse. Ni aure ya kai ni unguwar da ke kan tudu, ƙanwata ta yi nisa, Auta ya zama direban motar ɗaukar kaya. Suka rage su biyu a gidan.

Sai Inna ta fara mantuwa. Da farko gishiri ne sau biyu a miya. Daga baya sunayen jikoki, daga baya namu. Ni da ta haifa, wata rana ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Amma abin mamaki, muddin tana cikin ɗakinta, a kan gadon da Baba ya ƙera mata da hannunsa, taga a hagunta, agogon bango a gabanta, to ta san shi. Da ya shigo za ta ce, "Malam, ka ci abinci?" Ko da kuwa shi ne ya gama ba ta a baki yanzun nan.

Sau ɗaya muka kwantar da ita a asibiti, kwana biyu. Allah kada ya maimaita mana. Da Baba ya matso zai gyara mata matashi sai ta ƙwalla ihu, wai a fitar mata da wannan mutumin. A baranda ya ƙare kwanakin nan biyu. Sai da muka dawo gida, ta kwanta a gadonta, sannan ta kalle shi ta ce, "Ina ka shiga ne tun ɗazu?"

Daminar bara, wata safiya, masu lasifika suka bi unguwannin gangare: kogi ya cika, za a saki ruwa daga madatsa, kowa ya tashi kafin yamma. Ban damu ba ko kaɗan. Na ce ai Ko-ta-kwana yana bakin titi da jakunkunansa tun kafin su rufe baki. Na kira Auta ya kawo mota, muka tafi ɗauko su.

Unguwa ta hargitse. Wannan da katifa a ka, wancan yana jan akuya, mai shagon kusurwa yana ta zagin firjinsa da ya ƙi fita ta ƙofa. Ƙofar gidanmu kuwa shiru. Na shiga, na ga jakunkuna biyu a rataye a inda suke. Baba yana zaune a gefen gado yana yanke wa Inna farce.

"Baba, ba ka ji sanarwa ba?"

"Na ji."

"To tashi mana!"

"Ku dai ku koma. Ni da innarku muna nan."

Na ɗauka wasa ne. Sai ya tashi ya shiga nuna mini shirinsa, kamar yadda yake nuna wa mai saye kujera. Ya ɗora ƙafafun gadon a kan bulo hawa uku. Jarkokin ruwa takwas a kan kabad. Shinkafa, wake, gwangwanaye da risho a kan wani katako da ya kafa kusa da silin. Ya ce ya auna, ruwan shekarar da aka haife ni a gwiwa ya tsaya.

Nan fa barkonon ya tashi. Na ce masa shekara talatin yana hana mu cin abinci cikin kwanciyar hankali, ya sa duk unguwa ta mayar da mu abin dariya, yau da ranar ta zo shi ne zai zauna yana yankan farce? Na ce masu lasifika sun ce wannan ruwan zai wuce taga. Na ce in ya gaji da rayuwa shi ya sani, amma uwata ba za ta mutu a kan bulo ba. Auta yana ta taɓa ni, "Yaya, a hankali," ina bige hannunsa.

Baba ya bari na gama. Ya ja ni zuwa falo don kada Inna ta ji.

"Barkono, kin manta asibiti?"



"A ɗakin nan kaɗai ta san ni," ya ce. "Nan kaɗai ya rage mini. In ta fita ƙofar can, ni baƙo ne."

Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifina ba sai ranar. Tausayinsa ya kama ni, amma bakina bai san tausayi ba. Na ce, "Gara ta manta ka tana numfashi."

Wallahi da maganar tana komawa ciki da na haɗiye ta. Daga waje ana ta kiran sunayen yara, wata mota tana ta hon. Can sai Baba ya ɗaga hannu ya zaro fensirin da ke bayan kunnensa.

"Ɗakin baƙinki taku nawa ne?"

"Ban sani ba, Baba. Kamar wannan dai."

"Taga fa, tana wane gefe?"

"Dama."

Ya yi tsaki kamar ni na gina gidan. Sannan ya ce wa Auta ya matso da mota bakin ƙofa.

Baba ba ya kwance abu sai ya sa masa alama. Muka zaunar da Inna a kujera, ya bi gadon gaɓa-gaɓa yana rubutu: ɗaya da ɗaya, biyu da biyu. Ya auna daga ƙasa zuwa ƙusar agogo ya rubuta a tafin hannunsa. Ya auna tsakanin gado da kabad. Labule, madubi, 'yar tabarmar bakin gado, har ƙyauren ɗakin sai da ya cire, wai kukansa ta sani. Auta ya ce, "Baba, bangon ma mu ɗauka?" Ko murmushi bai yi ba. Muna fita ruwa ya riga ya fara lasar bakin kwata, kuma sai a kan gada na tuna jakunkunan nan biyu suna can a bayan ƙofa. Ko-ta-kwana da kansa ya manta su.

A gidana na zauna da Inna a falo ina lallashinta, tana ta tambaya yaushe za a mayar da ita gida. Su kuwa suna ciki suna buge-buge. Awa biyu suka yi. Da na leƙa sai da na riƙe baki: ɗakin Inna ne sak. Ya rufe tagata ta dama da kabad, ya rataya labulen Inna a hagu, a jikin bangon da babu taga.

Na riƙo hannunta muka shiga. Ƙyaure ya yi kukansa. Ta tsaya, ta kalli agogo, ta shafa kan gadon.

"Gadona," ta ce, ta zauna.

Baba yana durƙushe yana ɗaure noti na ƙarshe, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ɗago a hankali. Ta dube shi da kyau, ta yi masa murmushin da take yi wa baƙi.

"Sannu da aiki, kafinta."

Ruwan ya zo kamar yadda aka faɗa. Kwana tara ya yi. Da muka koma duba gidan, layin laka ya wuce saman taga, katakon nan na kusa da silin ya faɗo da duk abin da ke kansa. Baba ya kalla, bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba.

Yau wata takwas ke nan suna wurina, kuma ba ta sake ce masa Malam ba. A falo yake kwana, domin ba ta yarda baƙon namiji ya zauna mata a ɗaki haka kawai. Amma tana yarda da kafinta. Kowace safiya sai ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya ƙwanƙwasa, ya ce ya zo duba gado. Na daɗe ina mamakin gadon da kullum yake motsi, sai da na kama shi yana sassauta noti ɗaya lokacin da na kai ta wanka. Ya ce in rufa masa asiri. Yana gyaran suna hira, in ya gama ta ce a kawo wa kafinta shayi, shi kuma ya ce ba ya iya sha shi kaɗai, da haka yake samu ta karya.

Shekaranjiya da safe hadari ya haɗo, ɗakin ya yi duhu. Ina ninke kaya a gefe, yana durƙushe a ƙafar gado. Inna ta saurari tsawa, sannan ta sunkuyo.

"Kafinta, kana da iyali kuwa?"

Hannunsa ya tsaya. "Ina da mata, ranki ya daɗe."

"To bar aikin nan haka, gobe ka ƙarasa. Ruwa zai sauko. Ka koma gida da wuri, kada ka bar ta ita kaɗai."

Na cusa fuskata cikin zanen da ke hannuna.

"Ba zan bar ta ba," Baba ya ce. Ya gyara durƙuso, ya ci gaba da juya notin a hankali, yadda ba zai ɗauru da wuri ba.