Ranar da Umma Ta Rabar da Kayan 'Yan Tsanata

Shekarun baya, lokacin ina zaune da mahaifiyata a unguwar Ranuna a can ƙasa mai tsarki, na kamu da son tara ƙananan kayan abinci na 'yar tsana, irin na da. Akwai burodi kamar ƙwayar wake, da butar shayi da ba ta kai babban yatsa ba. Shekara shida ina bin masu tsofaffin kaya, wasu har garin Yanbu na aika aka sayo min. Na jera su kan ɗan tebur a gaban 'yan tsanata cikin kabad mai gilashi, ba na barin kowa ya taɓa.

Ranar ƙaramar sallah aka sa ni aiki a kantin magani. Da na dawo bayan la'asar, sai na tarar da 'yan tsanata zaune, teburinsu wayam.

"Umma, ina kayana?"

"Alawa ce ta ƙare, ga yara suna ta shigowa barka da sallah. Korarsu zan yi? Kowa na ba shi ɗaya."

"Umma, shekara shida fa!"

"To, shekara shidan ban ga kin dafa komai a ciki ba."

Ko abaya ban cire ba na fita, na sayi kwalin cakulan, na shiga bin gidaje. Ku dubi gandamemiyar mace ta yi sallama, an kawo mata gahawa, an gaisa, sannan ta ce burodin roba ta zo karɓa. Wata maƙwabciya ta kalle ni da tausayi ta ce, "Allah ya ba ki lafiya, 'yata." A wani gidan an taune min cinyar kaza. Butar shayi kuwa tuni ta bi magudanar banɗaki.

Wadda ta fi gasa min gyaɗa jikar ƙawar Umma ce, 'yar shekara biyar. Ita ta samu 'yar tukunyar ƙarfe mai murfi, wadda na fi so. Na lallaɓa ta da Hausa, ta amsa da Larabci: "Haggi!" Wato tata ce. Na miƙa cakulan biyu, ta karɓe, ta ƙara damƙe tukunya. Kakarta ta ɗaga hannu za ta make ta. Yarinya ta runtse ido, amma ba ta saki ba. Na ce a bar mata, na fito ina huci da rabin kayana a leda.

Kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa ni da Umma. A na huɗu ta kira kafinta ya sa wa kabad ɗin makulli. Ta ba ni ɗaya, ta ƙulle ɗayan a bakin mayafinta.

Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau in na tuna raina yakan ɓaci. Amma na ga nawa laifin: hana ta taɓawa kawai na iya, ban taɓa zaunar da ita na gaya mata yadda nake ji da su ba. Yanzu duk abin da na sayo, ita nake fara nuna wa. Takan juya shi a tafin hannu ta tambayi kuɗinsa. In faɗi rabi, duk da haka sai ta yi salati.