Kawu Alois da Tef Ɗinsa Mai Jan Layi

Ranar Talata, sha huɗu ga Mayu, da hantsi, kwalekwale mai inji ya tsaya a bakin ruwan garinmu da labarin cewa Allah ya karɓi ranka a garin Ambunti. Ina cikin shafa wa fatun kada gishiri. Na ajiye, na zauna a ƙasa.

Kawu Alois Kambangu, kai ne wan mahaifiyata. Ranar da aka tsaga mini zanen kada a gadon baya, bisa al'adarmu mai ɗaukar kada uwa, a cinyarka na kifa kaina, kai ka yi ta shafa mini mai har na warke. Shi ya sa da aka ba ka aikin auna fatun kada a yankinmu na Sepik, na ɗauka kakata ta yanke saƙa.

Sai ka zo mana da zancen yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka sa wa hannu: babu fatar da za ta ƙetare teku sai da lamba, kuma babu lamba ga fatar da faɗin cikinta ya wuce jan layin da ke kan tef ɗinka na awo, domin manyan su ne masu ƙwai. Muka yi ta dariya. Mutanen da ba su taɓa jin ƙarnin kada ba, su za su koya mana kada?

Wata shekara na soke wata kada uwa a kan sheƙarta a tafkin gidanmu. Na kawo maka fatar ina taƙama. Ka shimfiɗa tef, ta wuce layin da yatsa uku.

Na ce, "Haba Kawu, ɗan kau da kai mana. Wa zai gani?"

Ka ce, "Tobias, zanen wa ke bayanka? Ka kashe uwarmu, kuma so kake in sa maka hannu? Kwashe abinka."

A gaban jama'a na rantse ko gawarka ba zan ɗauka ba. Shekara huɗu ban gaishe ka ba. Fatar ta ruɓe a bayan ɗaki, tafkin ya yi tsit, babu sheƙa ko ɗaya.

Kai kuwa ba ka riƙe ni ba. Ka bi gida gida kana roƙon a daina ƙona ciyawar fadama da rani, inda kada ke yin sheƙa. Kai ka kawo mana tsarin nan: masu kiwon kada su ɗebi ƙwai kaɗan da izini, kowane ɗaya kuma a musanya shi da ƙwan kaza, don kar mai tafki ya rasa na tukunya. Shekarar da sheƙa ta dawo tafkina, da kanka ka ɗauko ƙwan kazar ka ajiye a ƙofata. Ka ce wa matata, "Dafa masa, fushi yana sa yunwa." Na ci. Muka shirya, amma girman kai ya hana ni cewa na gode.

Bana sheƙa tara na gani da idona. 'Ya'yana za su gaji tafki mai rai, kuma kai ne sila.

Ranar Asabar muka kai ka makwanci. Matarka, Inna Serafina, ta tare ni ta ce, "Kai ba ka rantse ba?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Shi ya ce a ba ka gaban akwatin gawar. Wai ka fi kowa taurin kai, kafaɗarka ma ba za ta gaza ba." Na ɗauke ka, Kawu. Na karya rantsuwata ina kuka.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa ka huta. Allah ya ba Inna Serafina da 'ya'yanka, Klara da Benedik, haƙurin rashinka. Na makara, Kawu, amma na gode.