Ranar da Na Hau Sikeli

Shekara uku na yi ban hau sikeli ba. Tun da ciwon suga ya yi ajalin mahaifiyarmu nake gudun duk abin da zai faɗa mini gaskiya. A makarantar da nake koyarwa a Samaru kuwa yabo nake sha: "Malama, kin yi ɓulɓul, lallai maigida na ƙoƙari." Ni kaɗai na san yadda gwiwoyina suke yi in zan tashi daga sujada.

Aminiyata ce ta ritsa ni. Tare muka yi sakandare, yanzu ɗinki take yi a Muciya. Wata Lahadi bayan ta dawo daga coci na kai mata atamfa. Ta zagaya tef a ƙuguna, ta ɗago ta dube ni.

"Ke, wannan ba awon bara ba ne."

"Tef ɗinki ne ya tsuke," na ce.

Ba ta yi dariya ba. Ta janyo sikeli daga ƙarƙashin keken ɗinki, ta sa na hau, sannan ta buɗe a wayarta wata manhajar ƙirƙirarriyar basira da take amfani da ita tun da hawan jini ya kama ta. Muka shigar da tsayina, nauyina da awon ƙugu. Manhajar ta yi ta tambaya: me nake ci, me nake sha, akwai mai suga a danginmu? Ƙarshe ta ce ƙibar ta kai a kula da ita, amma ita ba likita ba ce, in je a auna jinina.

Sai da na yi sati biyu ina jan ƙafa kafin na je asibiti. Likitar ta duba takardar gwajin jinin ta ce, "Suga bai kama ki ba tukuna, amma yana bakin ƙofa. Kin zo a kan lokaci." A cikin Keke Napep na yi ta share hawaye ina hamdala.

Na sauke manhajar a wayata. Da farko ba ta san tuwo ba. Na ɗauki hotonsa ta ce dankalin turawa ne, sai da na yi mata bayani. Ba ta raba ni da shi ba, ta dai ce malmala ɗaya, miyar ganye da yawa. Ita ta gano mini lemon kwalba biyu da nake sha kullum a ofis ban ɗauke su komai ba.

Akwai ranakun da na ci masa a gidan biki na ƙi gaya mata. Duk da haka nauyin na sauka, a hankali ƙwarai. Bayan la'asar nakan taka zuwa hanyar Bomo in dawo. Masu gonakin wajen har sun saba da ni, in na kwana biyu ban bi ba, sai wata tsohuwa mai sayar da yalo ta ce, "'Yar nan, lafiya kuwa?"