Busar da Ban Ɗauka Ba

Ranar Asabar ta ƙarshe a watan Oktoba, ƙarfe uku da kwata na yamma, mu uku ne a ɗakin taron unguwar Thamesmead da ke London: ni, da shugabar iyayen yara, wata nas 'yar Kafanchan, da kuma Baba Saje. Yara sun tashi daga atisaye, an jera ganguna a jikin bango. Takarda tana hannuna. Ni aka ɗora wa karanta masa cewa daga wata mai kamawa ba shi zai ci gaba da koyar da 'yan badujalarmu ba.

Baba Saje mutumin Pankshin ne. Ya shafe ƙuruciyarsa yana busa begila a badujalar 'yan sanda, da ya yi ritaya ya biyo 'yarsa London. Shi ya tara yaranmu, na Musulmi da na Kirista, da ganga shida da begila huɗu. Yadda aka koya masa haka yake koyarwa. Mai son ganga sai ya yi wata uku yana dukan katako kafin ya taɓa fata. Mai son begila kuwa bakinta kawai ake zare masa, ɗan ƙarfen nan da bai fi tsawon yatsa ba, ya je gida ya yi ta hurawa har leɓensa ya yi ƙwari. Babu takarda. Kowace busa da maganarta, sai ka haddace maganar kafin a bari ka busa. Ta asuba tana cewa, "Tashi, rago, gari ya waye." Ta abinci tana cewa, "Tuwo ya sauka, zo da kwanonka."

Na san wannan hanya, domin da ita aka koya mini a makarantar kwana a Zariya. Daren fareti ba ma damuwa da barci kamar yadda muke damuwa da tagulla: toka da lemun tsami muke sawa mu goge begila har mutum ya ga haƙoransa a jikinta. Takalmi a shafa masa farar ƙasa. Idan babbar ganga ta fara, a ƙirji ake jin ta kafin kunne. Ranar da na fara jin busar Baba Saje ina tsaye ne a tashar bas, ana yayyafi, sautin ya fito ta tagar ɗakin taron. Bas biyu suka wuce ni. Mako na gaba na kai 'yata.

Tun a lokacin na yi masa alkawari. Aikina rediyo ne, ina da rikoda mai kyau, na ce zan zaunar da shi in ɗauki busar duka. Ya ce ashirin da bakwai ne, bai kuma san wani a ƙasar nan da ya riƙe su duka ba. Na ce sai an sami rana. Shekara ta zagayo ban sami ranar ba.

A cikin shekarar ne iyaye suka fara ƙorafi. Yara suna raguwa. 'Yata ta dawo gida ta ajiye sandunanta a kan tebur, ta ce mini da Turanci ita ta gaji da dukan katako. Aka sami wani matashi mai koyarwa da takardar waƙa da ƙaho mai maɓallai, wanda yaro zai iya zana jarrabawa a hannunsa ya sami shaidar da makaranta za ta karɓa. A taron iyaye ba hannu kawai na ɗaga ba. Ni na tashi na yi bayanin da ya ja ra'ayin masu shakka. Na ce yaran nan ba a bariki za su rayu ba. Na faɗe shi tsaf, ba gargada, don aikina ke nan. Da aka zo neman mai karanta wa tsohon takarda, shugabar ta ce, "Kai ne mai murya."

Ranar Asabar ɗin na saka rikoda a jaka, da sabon batir. Shirina in karanta takarda, sannan in ɗauki busar kafin ya tafi.

Baba Saje ya gyara zama, begilarsa a kan cinya.

"Ɗan rediyo, yau labaran duniya ne ko na gida?"

"Na gida ne, Baba."

"Su suka fi zafi. Karanta."

Na karanta yadda nake karanta labarai, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da na kai ƙarshe ya dubi gangunan.

"Kai ma ka ɗaga hannu?"

"Na ɗaga, Baba."

"Wanne? Na daman da ka riƙe begila da shi?"

Shugabar ta matso da kujerarta.

"Baba, ba korarka muka yi ba fa. Za ka riƙa zuwa kana sa wa yaran albarka."

"'Yata, ni fasto ne ko limami? Akwai su da yawa a unguwar nan, kowa da nasa."

Ya murɗa bakin begilar ya zare, ya goge shi da hankici ya jefa a aljihun gaba. Ita kuma begilar ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce a wurinsu haka mai barin aiki yake yi: begila ta jama'a ce, baki na mai shi ne. Na karɓa, da sauran ɗumin hannunsa a jikinta.

Sai ya dubi jakata da ke ƙasa kusa da ƙafata.

"Ka zo da ɗan akwatin naka? Yau ina da lokaci."

Na ce na manta shi a gida.

Na daɗe ina gaya wa kaina kunya ce ta hana ni, wai bai dace in kafa wa mutum makirfo a gaba ba minti biyar bayan na sauke shi. Ba ita ba ce. Shi da kansa ya nema. Abin da na guje wa shi ne zaman awa biyu ina fuskantarsa, yana busa mini ɗaya bayan ɗaya abin da na tsaya a gaban mutane na ce ya wuce yayi. Na san da ya busa ta asuba fuskata za ta tona ni a gaban shugabar.

"To, wata rana," in ji shi. Ya sa hularsa, ya ƙi a raka shi tashar bas.

Sai a watan Maris na je gidan 'yarsa da rikodar. Na tarar an cire masa haƙoran gaba huɗu a watan Janairu, leɓensa ba shi da abin jingina, begila ba ta tashi. Ya faɗi maganar busa ashirin da bakwai da baki, na ɗauka. Minti goma sha ɗaya ne.