Masarar Inna a Bayan A-kori-kura

Gari bai gama wayewa ba muka bar Jalingo zuwa Mutum Biyu, ni da ƙanina. Ana fama da wahalar mai, kuɗin mota ya ninka, ga ramuka tun daga fita gari. Irin masarar da marigayiya Inna ta bari rataye a saman murhunta muka je ɗaukowa. 'Yar gida ce mai saurin nuna, ba wanda ya rage da ita a danginmu, ga damina ta ƙarato.

Muka same ta yadda Inna ta ƙulle ta da ɓawonta, hayaƙi ya rina ta. Muka ci gasasshiyar doya da manja a tasha, muka yi ta jiran motar komawa Jalingo har la'asar. Da ƙyar wata a-kori-kura ta zo, cike da mutane da awaki. Direba ya karɓi masarar ya rataya ta a ƙarfen baya.

Na ce, "Direba, tana reto fa!"

Ya ce, "Malam, bar shi, ba zai faɗi ba. Haka muke yi."

Na gaji, ban ja ba. Wani dattijo Bamumuye da ke gefena ya tambaye ni bambancin reto da lilo. Da yake koyar da Hausa ce sana'ata, sai baki ya buɗe. Na ce reto na abin da aka kama samansa ne aka bar ƙasansa yana kaɗawa, kamar 'ya'yan kuka a bishiya ko ƙafar wanda ya zauna a kan katanga. Lilo kuwa sai an tura da gangan. Ya tambayi asalin kalmar, na ce ban sani ba.

Ya ce, "Kai malami ba ka sani ba? Ni a kasuwa na tsinci kalmar."

Mun sauka a Jalingo kusa da Mayo Gwoi jiki duk ya mutu. Direba ya yi gaskiya, ƙullinsa bai kwance ba. Amma duk lokacin da masarar ta kaɗo ciki, awaki sun samu rabonsu, ni kuwa ina can ina ba da darasi. Totuwa kawai ta rage.

Raina ya ɓaci ƙwarai, da kaina na fi jin haushi. Abin da ba a sayar da shi a kasuwa, a cinya ake riƙe shi, ko da ƙafa za ta sage. Muka durƙusa a bayan motar muna tsintar ƙwayoyin da suka zube. Ba su cika tafin hannuna ba, su na ƙulle a hankici na kai gida.