Kwamfutar da Baba ya zaɓa

Ni ne autan gidanmu, kuma ni kaɗai na rage a Tanut. Yayyena maza arewa ta kwashe su. Ɗaya ya bi motocin Agadas ya wuce, ɗaya ya tafi haƙar zinariya, sai dai a ji muryarsu a waya ranar Sallah. Baba makiyayi ne a da. Shekarar da fari ya cinye garkensa sai ya shigo gari, ya buɗe shagon gero da dussa da gishirin dabbobi a bakin kasuwa. Lokacin da na gama karatun kwamfuta a Damagaram na dawo, idonsa ya fara mutuwa, har ba ya gane ko kwanon awo ya cika. Aka ce in ɗan riƙe masa shago kafin aiki ya samu. Na riƙe, na riƙe, har mata masu sayen dussa suka fara kirana mai shago. Duk ranar da na ji sunan nan sai raina ya ɓaci.

Ana nan sai wani abokina da muka yi makaranta tare ya kira ni. Ƙungiyar da yake wa aiki tana zagaya dajin Damargu, suna ɗaukar hoton rijiyoyi da burtalin shanu da ɗan jirgin nan marar matuƙi, sannan a haɗa hotunan a kwamfuta su zama taswira. Suna neman ɗan yankin, wanda ya san hanya kuma yana jin Fulatanci ko da kaɗan ne. Sharaɗinsu ɗaya: mutum ya zo da kwamfutarsa, mai ƙarfi, irin wadda ake buga wasa da ita. A daji ake kwana, kuma cajin duka daga ɗan faifan hasken rana da ke kan motarsu yake fitowa.

Ban ɓoye ba, jin an ce irin ta wasa ya ƙara mini zumuɗi. Duk zamana a Damagaram da kwamfutar aro nake buga ƙwallo da tseren mota, in wasa ya fara daɗi mai ita ya ce yana da aiki.

Wani mai shago a Damagaram ya turo mini hoton kwamfuta guda biyu. A fuska kamar tagwaye suke, bambancin yana ciki, a furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin komai. Ta farko tsohon ƙira ce. Ƙarfi gare ta, babu wasan da ba ya tashi a kanta, kowane mai gyara ya san cikinta. Amma tana da ci, tana da zafi, cajarta kamar rabin bulo, kuma in ka zare ta daga bango kafin a gama shan shayi ta mutu. Ta biyu sabon ƙira ce, tana wuni ba ta nemi wuta ba, ɗan faifan rana ya ishe ta. Aibinta shi ne wasu tsofaffin wasannin da nake so ba sa tashi a kanta, kuma in ta lalace gyaranta sai Yamai. Na yi ta juya maganar a raina ina awon gero, har ina zuba wa mutane fiye da haƙƙinsu. Amma a ƙasan zuciyata na san babu wani dogon zaɓi. Sabuwar ce za ta fitar da ni daga shagon nan.

A danginmu, ranar suna uba yakan ba jariri karsana. Tawa ta tsira daga farin nan domin tana hannun kawuna a dajin Belbeji, kuma cikin jikokinta akwai bijimi. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin in iya yi wa Baba maganar a sayar da shi. Ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni wata nawa za a yi a daji, na ce ai aikin yawo ne, in an gama nan sai wata jiha. Sai ya ce to, dabbarka ce. Na yi mamakin sauƙin abin.

Sai dai al'adarmu tana da sauran bayani. Dabbar da ta fito daga hannun uba, abin da za a musanya da ita ma ta hannunsa yake shiga. Kuma in babba yana ciniki, ɗansa ba shi da baki. Haka aka sayar da bijimin, muka hau mota zuwa Damagaram, ni da Baba da sandarsa.

Mai shagon ya jera mana su biyun a kan tebur. Baba ya shafa bayan kowacce da tafin hannu, ya ɗaga ta ya ji nauyinta, yadda yake yi wa rago. Ni ina gefe, kunya kamar in nutse. Sai ya juyo ya ce, "Auta, jeka sawo wa innarka goro, kar mu manta." Na tafi da gudu na dawo da gudu. Na tarar an riga an rufe kwali, mai shagon yana cewa Allah ya sa albarka.

A ƙofa na duba jikin kwalin. Tsohuwar ce.

Na rage murya na ce, "Baba, ai sabuwar na ce."

Ya ce, "Ni ban taɓa shiga rani da dabbar da ban san uwarta ba. Wannan an daɗe ana aiki da irinta, mai shagon ya shaida mini."

An riga an ce albarka. A wurinmu bayan wannan kalma ba a komawa, balle ɗa ya warware abin da ubansa ya ƙulla a gaban baƙo. Na rungume kwalin har Tanut, ko ruwa ban sha ba.

Duk da haka na je gwaji. Muka fita wajen Gangara, aka ɗauko hotuna, na fara haɗa taswira a inuwar mota. Aikin yana tafiya da kyau, shugabansu har ya fara gyaɗa kai, sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Aka jona ta a faifansu, ta shanye abin da kowa zai yi caji da shi, kuma ba ta ƙoshi ba. Abokina ya kasa haɗa ido da ni. Aka sallame ni da mutunci, aka ɗauki wani.

Na koma shago. A gida ba mu da kuran, wato wutar lantarki, sai a shagon, shi ma in an kawo. Don haka kwamfutar ta samu mazauni a kan buhun gishiri kusa da bango, ni kuma na samu mazauni kusa da ita. In ba mai saye, sai in kunna tseren mota. Ina keta garuruwan da ban san sunansu ba, fankarta tana kuka, ƙafata tana cikin dussa. Baba yana zaune a tabarmarsa a bakin ƙofa yana jan carbi. Ina jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa. Cewa nake tsoho ne, ya auna kwamfuta da ma'aunin shanu, ya kashe mini hanya bai sani ba.

Da zafin bazara ya tsananta, fankar ta fara ƙara kamar injin niƙa, sai na kai ta Damagaram a share. Mai shagon ya gane ni. Yana kwance ƙusoshi yana dariya ya ce, "Kai, tsohonka ya iya ciniki. Ranar nan tambaya ɗaya ya yi mini. Ya ce, a cikin biyun nan wacce ce mutum zai iya nisa da ita? Na ce sabuwar, Alhaji, wannan ta kusa da bango ce. Na ma yi masa bayanin daji da komai. Sai ya ce to naɗe mini ta bangon."

Na tuna yadda Baba yake yi wa raƙumi dabaibayi idan muka sauka a zango ina ƙarami. Ba ya ɗaure shi a itace, ƙafafun gaba kawai yake haɗawa, ya bar shi ya yi kiwo iya inda igiya ta yarda.

A mota na shirya maganganu masu zafi, na jera su, na sake jerawa. Na iso bayan la'asar na same shi a tabarmarsa, ya yi wa wata mata awo ya zubar da rabin geron a ƙasa, yana lalube da hannu yana tattarawa. Na tsaya a kansa da kwamfutar a hammata. Na karɓi kwanon na ƙarasa awon.

Da matar ta tafi, na jona kwamfutar a bango na kunna. An share ta, ta yi shiru, da ƙyar ake jin numfashinta. Baba ya karkata kunne, ya daɗe a haka.

Ya ce, "Auta?"

Na ce, "Na'am, Baba."

Ya ce, "Me suka yi mata? Ba na jin kukanta. Da in na ji shi, na san kana nan."

Na buɗe wasan da ya fi wahalar da ita, na bar shi yana gudu ba tare da na taɓa komai ba, har fankar ta tashi. Baba ya gyara zama ya ci gaba da jan carbinsa.