Malam Badaru da Gwauron Adadi

Kullum da hantsi za ka ga Malam Badaru ya taho daga Kiyako a kan tsohon babur ɗinsa, aljihun riga fari fat da alli. Tun yana saurayi yake koyar da lissafi a wata sakandare a Birnin Kudu, bana kuma ya yi ritaya.

Shi dai a wurinsa adadi mutum ne, da halinsa da danginsa. Ya zo aji da gyaɗa, ya dunƙule hannu: "Cika ko mara?" Wanda ya rabu biyu daidai cika ne, wanda ya bar ɗaya mara. Adadin da ba mai raba shi sai ɗaya da shi kansa kuwa, Malam ya raɗa masa suna gwauro.

A ƙuryar allo akwai adadin da ba a gogewa: 10,001. "Mara ne," in ji shi. "Ta gaba da ta baya duk karatu ɗaya. Uku ba ta raba shi, biyar ma haka. To gwauro ne, ko yana da iyali a ɓoye?" Sai ajin ya ɗauka: "Gwauro ne, Malam!" Ya yi dariya kawai ya ci gaba da darasi.

Wata shekara akwai Mas'uda, 'yar Kwandiko ta ƙasar Gwaram, tana zaune wurin goggonta don karatu. Lissafi ya kayar da ita, mahaifinta kuma ya ce in ta sake faɗuwa karatu ya ƙare, ta dawo gida. Ta sami Malam tana hawaye: "Kaina ba ya ɗauka, Malam."

"Kai, Mas'uda! Wa ya auna kan naki? Je ki bincika mini gwauron can. Ki bi gwauraye 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya, bakwai, sha ɗaya, sha uku, ki ga ko wani zai raba shi."

Ta yi ta rabawa, ana ta samun ragowa, 'yan aji na tsokanarta da mai dalilin aure. Ran nan ta faɗo aji tana haki: "Malam, ƙarya yake, ba gwauro ba ne! Saba'in da uku sau ɗari da talatin da bakwai!"

Wallahi waɗanda suka gani sun ce sai da Malam ya share ido da hularsa. A shekarar ta ci jarrabawa, ba ta koma Kwandiko ba sai da hutu.

Malam Badaru, kai ne ka san amsar tun farko ka danne ta a ciki, don yarinya ta gano da kanta cewa tana da kai. Uban marasa haƙuri da lissafi, mun gode, Allah ya saka da alheri. Malamai, ku koyi wannan shirun.

Ranar sallama ya miƙa ragowar allinsa ga malamar da ta gaje shi. Malama Mas'uda ta karɓa, ta je ƙuryar allo ta sabunta adadin, ta juyo ga yara: "To, gwauro ne?"